WAINAR FARFESA BERNARD

Shafi na 14

Daga alƙalamin Zinariya

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi. Masu cika min waya da saƙo tun kafin in karya kumallo, wai na bar Nasiba da kan tarho a hannu, to ga ta nan na kawo muku, ku bar ni in sha shayina.

Wanda ya shigo yau kuma, ga inda muke. Garin Greensboro ne a Amerika, shekarar 1996. Nasiba 'yar Yakasai ce, tana digirin dakta a kimiyyar abinci, saura ƙiris ta kare aikinta a gaban malamai. Dangi sun cika wa Baba kunne cewa budurwa ita kaɗai a ƙasar Turawa lalacewa za ta yi. Shi ne ya turo mahaifiyarta, Hajiya Bebi, ya sa ta dafa Alƙur'ani cewa abin da idonta ya gani shi za ta faɗa masa. In ta ga abin ƙi, jirgi ɗaya za su hau su dawo Kano, karatu ko oho.

*

"Yes sir. The wine bar. Four o'clock, sir."

Nasiba ta ajiye kan tarhon a hankali. Da ma ta ja igiyarsa har bayan firij don kar a ji ta, amma tana juyowa ta ga Mama tsaye a bakin kicin, carbi a hannu.

"Wane ne?"

"Malaminmu ne, Mama. Farfesa Bernard."

"Uhm." Mama ta ja carbi ɗaya. "Na ji kina ta waina, waina. Jiya ma na ji ki. Shekaranjiya ma haka."

Gaban Nasiba ya yanke ya faɗi. Wace kalma za ta ɗora, alhali wine ɗin da Mama ta ji giya ce? Gidan da ko sunan giya ba a kira, tun da ita ta kashe ƙanin Baba, Baba da kansa ya yi masa wanka yana kuka.

Ousseina, 'yar Damagaram ɗin da suke haya tare, tana wanke kofi a bayansu. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "I, Mama, waina. Wajen saida waina ne."

Ni kuwa na ce, Ousseina, Allah ya shirye ki!

Mama ta saki carbin ya sauka a wuyan hannunta.

"Waina? A garin nan?"

"A garin nan, Mama."

"La'ilaha illallahu! Kuka bar ni ina ta cin burodin nan naku mai kamar auduga? Nasiba, ke da kin san ko ni wace ce?"

Ai kuwa ta sani. Hajiya Bebi ta shekara da shekaru tana waina a soron gidansu, layi har bakin masallaci, sai da ta sauke farali Baba ya ce ta huta. Ko wannan zuwan sai da ta naɗo tandarta a cikin zani ta cusa a akwati, ma'aikatan filin jirgi suka yi ta jujjuya ta.

"Mama, ba irin tamu ba ce," Nasiba ta faɗa. "Ba za ki iya ci ba."

"Shi ya sa zan je in gani. Ta shinkafa ce ko ta gero?"

"Aikin makaranta ne zai kai mu, ba ci ba."

"To ni ci zai kai ni. Ƙarfe nawa? Na ji kin ce fo. Fo ai huɗu ce, wannan kam na sani." Mama ta juya. "Bari in yi la'asar da wuri in shirya."

Tana shiga ɗaki Nasiba ta finciko hannun Ousseina suka faɗa banɗaki, ta kunna famfo don ya rufe muryarsu.

"Kin kashe ni! Wallahi kin kashe ni!"

"Mi na yi? Ke da kika tsaya kamar an dasa ki! Da ban yi magana ba da yanzu tana haɗa miki kaya."

"Yanzu kuma fa? Binmu za ta yi!"

"Bon, ki ce an fasa."

"Yana hanya, Ousseina! Ya ce shi zai ɗauke ni, yana so ya ga wajen da idonsa kafin baƙon ya zo."

Ousseina ta dafa goshi. "Ke ma dai, mi ya kai ki karɓar wanga aiki tun farko?"

Nasiba ta zauna a bakin bahon wanka, hawaye suka cika mata ido.

Me ya kai ta? Tarbiyya ce ta kai ta. Tun tana Islamiyya ba ta taɓa ce wa malami a'a ba. Farfesa ya tsayar da ita a baranda, ya ce malamin da zai zo daga Faransa ya jarraba aikinta mutum ne mai son giyar inabi mai kyau, ta nemo masa wajen da za a kai shi bayan an tashi. Kafin ƙwaƙwalwarta ta gama fassarawa bakinta ya riga ya ce yes sir. Shi kuma bawan Allah, da ya ga tana karatun abinci, ya ɗauka duk sammakal.

Haka ta yi ta yawo a bas, tana ce wa Mama laburare za ta. Na farko a wajen Sedgefield yake, 'yan wasan golf sun cika shi da ihu, talabijin na ta ɓaɓatu, Farfesa ya ce wannan mashaya ce kawai. Na biyu a titin Elm, hayaƙin taba tun daga bakin ƙofa, ta leƙa ta gudu. Ya yi mata bayanin abin da yake so dalla-dalla: waje mai shiru da mutum zai ji maganar ɗan'uwansa, inda ake sayarwa kofi kofi ba sai kwalba ba, inda mai wajen ta san daga wace gona kowace kwalba ta fito, kuma da cuku a gefe. Sai a na uku ta dace, wani ɗan ƙaramin waje kusa da Irving Park, na wata mata mai suna Celina. Kowanne ta je a bakin ƙofa take tsayawa, ta riƙe numfashi, ta dawo gida ta wanke mayafinta.

"Ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba," ta faɗa tana share ido. "Allah shi ne shaidata."

"Ni na sani. Baba ne bai sani ba."

"Baba ba zai tambayi ko na sha ba. Ƙafata ta taka wajen, shi ke nan."

Sai ga ƙarar hon daga waje. Sau biyu.

Suka kalli juna.

Kafin Nasiba ta kashe famfo ta fito, Mama har ta buɗe ƙofar gida. Ta sha farin leshi, ta yafa farin mayafinta na Madina, wanda ba ta fito da shi sai Juma'a da Idi. Farfesa Bernard, dogon dattijo mai furfura, ya fito daga mota yana murmushi, ya ɗan rusuna.

"Gud ibinin," in ji Mama.

"Good afternoon, madam!"

"Nasiba, zo ki faɗa masa na gode da riƙon da yake miki. Ki ce Allah ya saka da alheri."

Nasiba ta fassara. Wannan kam daidai ta fassara.

Mama ta matsa gaba, ta buga ƙirjinta da tafin hannu. 'Yan kalmomin Turancin da ta tsinta a bakin jikoki ta tattaro.

"Mi, waina. Mi mek waina. Lon taim!"

Idon Farfesa ya buɗe. Ya juya ga Nasiba cikin Turanci. "Mahaifiyarki tana yin wine? Da kanta? Ba ki taɓa faɗa min ba!"

"Me ya ce?"

"Ya ce... ya ce da me kike yi."

"Rayis!" Mama ta faɗa kai tsaye, ba ta jira tafinta ba.

"Rice wine!" Farfesa ya tafa hannu. "Abin mamaki! Ta yaya take sa shi ya tashi?"

Nasiba ta ji zufa na bin bayanta. "Mama, wai yaya kike yi ya tashi."

"Au, ashe ya san kan abin. Ki ce masa a jiƙa shinkafa, a niƙa, a sa yis, a rufe a ajiye waje mai ɗumi ya kwana. Da safe sai ka ga ƙullin ya kumburo yana 'yan ƙwayaye, yana ɗan tsami tsami. In bai yi wannan tsamin ba, ba waina aka yi ba."

Jama'a, ku ji fa. Ko kalma ɗaya Nasiba ba ta canza ba, sai ƙulli da ta haɗiye, da tanda da mai da Mama ba ta kai ga ambata ba. Farfesa yana ji yana gyaɗa kai, kowace gaɓa ta zauna masa daidai.

"Dole ta zo da mu," ya ce. "Celina za ta yi murnar ganin ta."

"Sir, ta gaji, ƙafarta na..."

Ina! Mama ta riga ta buɗe ƙofar baya ta shige, ta gyara zamanta, ta ɗora jaka a cinya.

Nasiba ta waiga. Ousseina na tsaye a baranda, ta ɗora hannu biyu a ka.

Motar ta bar Glenwood, ta wuce ƙananan gidajen ɗalibai da kekunansu a jingine, ta miƙi hanyar arewa. Ganyen bishiyoyi duk ya yi ja da rawaya. Mama na ta kallo ta taga tana ambaton Allah. Nasiba kuwa addu'a take a zuci: Allah ka sa taya ta fashe. Allah ka sa a tarar an rufe. Allah ka sa Celina ba ta da lafiya, a'a, astagfirullah, ka dai sa ta yi tafiya.

Mama ta kamo hannunta ta riƙe.

"Hannunki sanyi ƙalau. Lafiya?"

"Lafiya lau, Mama."

"Malamin nan naki mutumin kirki ne. Dubi yadda ya girmama sana'ata." Ta rage murya. "Bari in faɗa miki, tun da na zo nake sa miki ido. Sallarki a kan lokaci, ba namiji mai shigo muku, ba yawon banza. Gobe Lahadi Babanki zai je shagon Alhaji Maikano mai tarho ya jira wayata. Zan ce masa ya kwantar da hankalinsa, masu magana su ji kunya. Ki zauna ki gama karatunki, 'yar albarka."

Da Mama ta san yadda maganar nan ta soki Nasiba, da ba ta faɗa ba. Gobe. Kwana ɗaya tak ya rage. Ta juya fuska ga taga don kar a ga idonta.

Taya ba ta fashe ba. Wajen kuma a buɗe yake.

Ɗan ƙaramin gini ne na jan bulo, da koren labule a taga. Farfesa ya tura ƙofa, ƙararrawa ta yi ƙara. Ciki shiru, sai wani kiɗa can ƙasa ƙasa, tebura 'yan kaɗan, mutum biyu a lungu suna hira. Bango guda kuwa tun daga ƙasa har sama kwalabe ne a kwance.

Mama ta tsaya ta buɗa hanci.

"Ban ji ƙamshin mai ba."

"A baya suke suyar, Mama."

"To waɗannan kwalaben fa?"

"Na... na miya ne. Da man zaitun."

Ƙarya ta uku ke nan, ko ta huɗu, ita kanta ta daina lissafi. Kowacce ta fito sai ta ji harshenta ya ƙara nauyi.

Celina ta fito daga bayan kanta, gajeriyar mata mai fara'a, da tawul a kafaɗa. Ta gane Nasiba. "Ah, kin dawo! Yau dai za ki shigo ciki ke nan."

Allah ya taimaka Mama ba ta ji wannan Turancin ba.

Farfesa ya shiga yi wa Celina bayani yana nuna Mama, baki har kunne. Celina ta dafa ƙirji, ta kama hannun Mama da hannu biyu tana girgizawa. Aka zaunar da su a teburin da ke kusa da taga.

"Me ta ce?"

"Tana miki sannu da zuwa."

"Ki ce ta kawo min guda uku in ɗanɗana tukuna. Kar ta sa sukari, da miya nake so."

Nasiba ta ɗaga kai ta kalli Celina. "Water, please. Just water for my mother." Amma Celina ta riga ta juya, Farfesa na bin ta da wasu sunaye na Faransanci.

Tunani take. Za ta ce waina ta ƙare. I, haka za ta ce, ta ƙare tun rana, sai wani satin. A sha ruwa a tashi. Minti kaɗan ne, Allah ka rufa asiri, minti kaɗan.

Celina ta dawo da faranti. Cuku ne yanka yanka, da busasshen burodi, da 'ya'yan inabi. Sai kofuna uku masu dogon wuya. Ta ajiye ɗaya a gaban Farfesa, ɗaya a gaban Nasiba, ɗaya a gaban Mama. Ja wur, hasken taga na ratsa shi.

Fuskar Mama ta washe.

"Au! Har da zoɓo? Kai, mutanen nan sun san abin da suke yi. Amma rowa gare su, dubi ɗan abin da ta zuba."

"Mama, bari a kawo ruwa..."

"Ruwan me, ga zoɓo? Maƙogwarona ya bushe tun a mota."

"Nasiba," Farfesa ya kira ta, yana juya nasa kofin a hankali. "Ina ganin kin samo mana wajen da ya dace. Baƙonmu zai ji daɗi. Ki tambayar min ita, yaya za ta kwatanta wannan da nata?"

Nasiba ba ta ji shi ba. Idonta na kan hannun Mama, hannun nan mai tabon ƙunar tanda, yana zagaye wuyan kofin.

A nan ne fa Shaiɗan ya matso ya zauna kusa da ita. Ya ce kurɓa ɗaya ce. Za ta yamutsa fuska ta ce zoɓon ya yi tsami, ba citta ba sukari, ta ture. Ba ta sani ba, wanda bai sani ba kuma ba shi da zunubi. Gobe ta kira Baba ta sa miki albarka. Shekarun da kika yi kina wahala, sanyi, kaɗaici, duk ki zubar saboda kurɓa ɗaya? Yi shiru kawai. Kalli taga.

Kuma wallahi ta kalli tagar. Ba zan ɓoye muku ba, ta kalla.

Sai ta ji muryar Mama, a hankali, yadda take yi a kan kowace loma tun Nasiba na goye.

"Bismillahir Rahmanir..."

"MAMA!"

Hannunta ya riga tunaninta. Ta kai wa kofin duka, ya kuɓuce, ya daki gefen tebur ya tarwatse a ƙasa. Jan ruwan ya watsu a ƙirjin farin leshi, ya gangara a mayafin Madina har gefensa.

Mutanen lungu suka juyo. Celina ta toshe baki. Farfesa ya miƙe tsaye da kofinsa a hannu.

"Ke! Kin haukace ne?" Mama ta daka mata tsawa.

"Giya ce, Mama." Kuka ya ƙwace mata. "Giya ce. Ba zoɓo ba ne. Nan ba wajen waina ba ne, ba a taɓa yin waina a nan ba. Da Turanci sunan giyar inabi ke nan, wayin. Gidan giya ne."

Mama ba ta motsa ba. Ta dubi mayafinta. Ta ɗaga kai ta dubi bangon kwalaben nan, tun daga ƙasa har sama, a hankali, kamar mai karanta allo. Sannan ta ɗaga yatsa ta taɓa leɓenta na ƙasa.

"Ya shiga bakina?"

"A'a, Mama, bai kai ba."

"Na ji sanyin kofin a leɓena."

"Kofin ne kawai. Wallahi bai shiga ba, na rantse da..."

"Kar ki rantse." Muryar Mama ta yi ƙasa sosai, kuma wannan ya fi tsawar ban tsoro. "Da wane bakin? Da wanda ya ce min man zaitun ne?"

Nasiba ta zube a ƙasa kan gwiwoyinta, cikin fasassun gilashin, ta kama ƙafar Mama.

"Ban taɓa sha ba, Mama. Aike ne. Shi ya aike ni in nemo wa baƙonsa, na kasa ce masa a'a."

"Shi kin kasa ce masa a'a. Ni kuma kin iya kallon idona." Mama ta janye ƙafarta. "Laburaren da kike zuwa ke nan? Na tsaya a gaban mutumin nan na buga ƙirji. Me na ce masa ina yi, Nasiba? Me ya ji na ce?"

"Ya ɗauka... ya ɗauka giyar shinkafa kike dafawa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Mama ta rufe ido. Hawaye guda ya gangaro ta gefen hancinta. "Ni Bebi. Da hajjina. Kina tsaye kina fassarawa."

Celina ta matso da tawul da ruwan soda za ta goge mayafin, Mama ta ɗaga mata hannu, ta tsaya cak.

"Nasiba, me ke faruwa?" Farfesa ya tambaya, fuskarsa duk ta rikice. "Na yi wani laifi ne? Don Allah ki faɗa min abin da take cewa."

Mama ta miƙe. Ta zare mayafin daga kafaɗarta, ta ninke shi, jan tabon a ciki, ta riƙe shi nesa da jikinta.

"Tashi," ta ce.

Nasiba ta tashi, gwiwarta na jini, ba ta ma sani ba.

"Zan yi wa malaminki magana. Wannan karon abin da na faɗa shi za ki faɗa masa, kalma da kalma. In kika rage ko kika ƙara, ban yafe ba."

"Mama, don girman Allah..."

"Ki ce masa ni waina nake yi, abinci, da shi na ciyar da ke."

Nasiba ta fassara. Farfesa ya ajiye kofinsa a hankali, fuskarsa ta yi ja.

"Ki ce masa ban ga laifinsa ba, shi bai sani ba."

Ta fassara.

Mama ta gyara riƙon jakarta. Ba Farfesa take kallo ba, bakin 'yarta take kallo.

"Yanzu ki ce masa ya nemi wata ɗalibar. Tawa za ta gida."

Farfesa ya juyo ga Nasiba yana jira.

"What did she say?"